Abin da Kasuwa Ta Zubar

Kafin ladan ya gama gyaran murya
na ɗaura wa jakina amalanke.
Daga Jiratawa zuwa birni
ƙafarsa ta fi idona sanin hanya.

A bayan babbar kasuwar Maraɗi
Tsahara takan ajiye min kwando biyu:
ruɓaɓɓen tumatir, ganyen kabeji da rana ta dafa,
ɓawon lemo, ɓawon gyaɗa, raken da aka tsotse aka tofar.
Mahauta su juye min abin cikin tumbi,
mai shayi ya ƙara da ganyen da ya gama aiki.
Ba wanda ya ce in biya ko dala.
Yaran tasha dai suna min kirari:
“Sarkin Juji, a sauka lafiya!”
Nakan ɗaga musu hannu, ai sarauta ce.

Leda ce abokiyar gabata.
Ina tsince ta ɗaya-ɗaya, baƙa da fara,
don na ga abin da ta yi wa cikin akuyar Barmo.
Abin da ba ya ruɓewa ba ya haihuwa.

Gonar nan dami sittin take bai wa babana.
A hannuna ta sauko tara.
Na sayar da tunkiya na sayo takin buhu,
ƙasa ta lashe, ta ɗaga kai shekara guda,
ta koma ta kwanta.
Rairayi zalla, fari fat, ko gara ta yi ƙaura.

Sai na haƙa rami gindin gawo, zurfin ƙugu.
Kara a ƙasa, kayan kasuwa a kai,
kashin awaki, ƙaiƙayi, toka daga murhun Dela,
ruwan wankin hatsi,
na rufe da tsohuwar tabarma.
Ran bakwai na cusa hannu
na ji ɗumi irin na tukunyar da aka sauke ɗazu.
Ba itace, ba harshen wuta, amma ana girki.
Duk sati biyu in juya da shebur har bayana ya yi ƙara.
Wata uku, wari ya tafi.
Abin da ya saura baƙi ne, mai laushi,
yana ƙamshin ranar ruwan farko.

Damina yanzu ba ta riƙe alkawari.
Ta zo a makare, ta zubar da na wata a dare ɗaya,
Gulbi ya cika ya ci gaɓa,
sannan sama ta kama bakinta kwana goma sha tara.
Zafin ma, tsofaffi sun ce ba wannan suka sani ba.
Da yamma in na waiwayi birni
hayaƙin juji na tashi unguwa-unguwa.
Ban yi lakwal ba, amma na san wannan:
tuwon gona ne ake ƙonawa ana tura wa sama,
ita kuma ta rama a kan ƙeyarmu.

Cikin kwanakin nan
geron Barmo ya naɗe ganye kamar tabarmar baƙo mai tafiya.
Nawa yakan sunkuya da azahar, ya miƙe da magariba.
Na tona da yatsa, sai danshi,
sai tana guda, ja, tana juyi.
Nan na zauna a ƙasa ina kallonta
har Dela ta aiko yaro ya ji ko lafiya.

Dami ashirin da uku na ɗaure bana.
Ba sittin ba.
Ƙasa ba ta manta yunwa a shekara guda.

Jiya bayan isha'i aka yi sallama a zaure.
Barmo ne, shi da ya fi kowa toshe hanci in na wuce.
Muka gaisa, muka sake gaisawa,
ya yi ta murza hula a gwiwa.
Can ya ce, “Hankurau,
jakin nan naka, ran Litinin yana da aiki?”

Tsahara kuwa ta ji labari.
Ta ce daga yau kwando dala ashirin ne.